Makirufon Da Aka Zaunar A Babban Tebur

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyar manomanmu, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce magatakardarku, wadda ta yi shekaru tana rubuta bayanin taro da biro har yatsunta suka yi kanta. Don haka babu wanda ya kai ni murna da na'urar da kuka kawo, mai sauraren magana ta mai da ita rubutu. Na gwada ta a gida da mahaifiyata, ta rubuta Hausarta ta Bungudu tsaf. Na kusa yin guɗa!

Sai dai ga kukana.

Na ɗaya, a taron da ya wuce an ajiye makirufon na'urar a babban tebur, tsakanin furen roba da ruwan gora, kamar baƙo mai daraja. Zauren nan rufin kwano ne, bangon siminti, kowace kalma sai ta dawo sau biyu, ga janareta a gindin taga.

Na biyu, kun san inda mata ke zama: can baya, bakin ƙofa. Kun kuma san dattijuwa ba ta ɗaga murya gaban manya. Inna Hajo ta Bilbis ta miƙe, ta kau da kai, ta ja mayafi, ta ce tsutsa ta shiga masararsu, suna neman maganin feshi. Na'urar ta kwashe jawabin godiyarku duka, har da addu'ar rufewa. A gurbin Inna Hajo, fili fari. Daga wannan rahoto na na'urar aka fitar da sunayen garuruwan da za a ba magani, kuma babu Bilbis.

Ban yi fushi da na'urar ba, abin da aka ba ta ta ji. Na koma zauren da mata shida, har da Inna Hajo, muka rataya tabarmi a bango, muka rufe tagar, na ɗora makirufon a faifan kaba yana zagayawa hannu zuwa hannu. Alhaji, na'urar ba ta bar ko kalma ɗaya ba! Inna Hajo ta sa na karanta mata maganarta sau uku.

Roƙona: a sa Bilbis cikin sunayen kafin a raba maganin, domin tsutsa ba ta jiran taro na gaba. Sannan a sauko da makirufon wurin masu magana. Ga takardar maganar Inna Hajo na haɗo, faifan kuma na bar wa ƙungiya kyauta.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Rabi'atu Bungudu