Lasisin Tuƙi Kafin Ƙarshen Wata

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya ce direban ƙaramar motarmu ta raba magunguna zai ajiye aiki ƙarshen wata. Na ce ina so. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in kawo lasisi kafin talatin ga wata, in ba haka ba akwai ɗan ƙanwarsa. Shekarata ashirin da uku, biyu daga ciki a sito na yi su ina liƙe kwalaye, farcena duk ya karye. Ya ishe ni haka.

Da yamma na faɗa a gida. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota kafin ciwon ido ya zaunar da shi, dariya ya yi har da tari. Wai wadda ko keke ba ta iya ba. Na ce ba na neman koyarwar kowa a gidan nan. Inna ta harare ni. Ta yi ta harara, ni dai na riga na faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Makarantar koyon tuƙi. Tsohuwar mota mai warin fetur, kujerarta ta lotsa. Mai koyarwar Malam Birki ake ce masa, don kafin ka ja numfashi ya taka birkin ɓangarensa. Sau tara motar ta mutu a hannuna.

Asabar, 8 ga Maris

Sau huɗu kawai yau.

Alhamis, 13 ga Maris

Ribas na iya, kwana na iya. Tudun bayan makarantar ne abokin gabata. Sai a tsayar da ni a tsakiyarsa a ce in tashi, ina sakin birkin hannu motar ta yi baya kamar jakin da ya ga kogi. Malam Birki ba abin da ya iya faɗa sai a hankali, a hankali. A hankali me?

Baba ya tambayi Inna, a gabana, ko direbar gidan ta ci abinci. Ko kai ban ɗaga ba.

Talata, 18 ga Maris

Na faɗi jarrabawa. Tudun ne. Motar ta zame baya ta ture sandar da suka kafa, jami'in ya rufe takardarsa ko kallona bai yi ba. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na fito na rubuta sunana a jerin ranar ashirin da takwas. Daga ita babu wata kafin wa'adin Manaja ya cika.

Ɗan ƙanwarsa har ya fara zuwa sito yana shafa motar kamar gadonsa. Mu zuba mu gani.

Laraba, 19 ga Maris

Ba zan tambayi Baba ba. Gara in tsufa a cikin kwalaye.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban tambaye shi ba, a rubuta a ajiye. Shi ne ya aro motar maƙwabcinmu mai kanti, ya sa Yaya ya kai mu tudun bayan kasuwa, wai shi iska ya fito sha. Na koma gaban sitiyari ina cika ina batsewa. Ya ce in cire takalmin ƙafar hagu. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Ya naɗe hannu yana jira har na gaji na cire.

"Daina kallon allon motar nan, ni ma ba ganinsa nake ba," ya ce. "Ɗaga kuloci har ki ji ta fara rawa a tafin ƙafarki, muryarta ta sauka. A nan take gaya miki ta riƙe kanta. Sannan ki saki birki."

Na ji kuwa. Wani ɗan kaɗawa ne da takalmi ke ɓoye mini. Motar ta tsaya cak ba birki, sannan ta hau. Sau goma sha ɗaya muka yi, ba ta koma baya ko taku ɗaya ba. Bai ce madalla ba. Cewa ya yi ina riƙe sitiyari kamar mai shaƙe ɓarawo. Ni ma ban ce na gode ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Na ci. Da takalmi mai siririn ƙasa na je. Jami'in ya tambayi wa ya koya mini tashi a tudu, na ce makaranta, ƙaryar kuma ta yi ta damuna har gida. Manaja ya juya takardar lasisin wucin gadin sau biyu yana neman aibu, sannan ya miƙo mini mukulli fuska ba walwala. Ranar Litinin zan fara.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau Baba ke da ganin likitan ido, Yaya kuma ba ya gari. Ni na kai shi a motar mai kanti, Inna a baya. Tun daga ƙofa na tanadi amsar duk gyaran da zai yi mini. A hanyar dawowa na ji shirun ya yi yawa, na saci kallo: barci yake, kansa jingine da gilashi, baki a ɗan buɗe. Inna ta taɓa kafaɗata, ta ce ƙasa-ƙasa tun aurensu ba ta taɓa ganin ya runtsa a motar da wani ke ja ba.

Na wuce kwanar gidanmu, na zagaya ta doguwar hanya. Layinmu ramuka ne da shi, shi ya sa.