Sunan Abdulaziz a Layin Farko

Gusau, 4 ga Yuli

Zuwa ga Inno,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen Kwatarkwashi? Mu lafiya lau, jikarki Hassana har ta fara surutu.

Kin ce in haƙura da Mannir tunda ƙanen mijina ne. Ki ji abin da ya yi tukuna. Kafin maigidana Abdulaziz ya rasu, ya rubuta manhajar waya mai tuna wa makiyaya ranar rigakafin shanu, bai kuma kulle ta ba. Irinta ake kira manhajar 'yanci: kowa na iya aiki da ita, ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba wani. Wasu kan ce buɗaɗɗen tushe, don rubutun cikinta a fili yake. Sharaɗi biyu ya gindaya: kada a goge sunansa, kuma wanda ya gyara ya bar ta a buɗe. Yakan ce ita ce rijiyarsa ta sadaka.

Mannir ya kwashe ta, ya goge sunan yayansa, ya kulle, ya rubuta "Injiniya Mannir", yana sayarwa a Tsafe. Injiniyan da iyakar saninsa liƙa gilashin waya. Sayarwar ba ta dame ni ba, sharaɗin bai hana ba. Sunan ne ya ƙona mini rai. Da na yi magana, wai abin da aka bar wa kowa ba shi da mai shi. Wallahi Inno na raina shi. Ni dai so nake Hassana ta tashi ta ga sunan ubanta.

A gaida Baba.
'Yarki, Mansura

Gusau, 19 ga Satumba

Zuwa ga Inno,

Ina gaisuwa, da fatan damina ta yi albarka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwafin Injiniya ya ƙi buɗewa a sababbin wayoyi, makiyayan Tsafe suka taso shi gaba, shi kuwa ko layi ɗaya na rubutun cikinta bai iya gyarawa. Ita buɗaɗɗiyar, tuni wani bawan Allah a Maraɗi, wanda ban taɓa gani ba, ya gyara ta, har ya rubuta wa Abdulaziz addu'a a ƙarƙashin sunansa. Na yi kuka da na gani.

Jiya sai ga Mannir yana sunkuyar da kai, wai in taimaka masa da gyararriyar. Na ce ba sai ya roƙa ba, kowa ɗauka yake, har irinsa. Na dai miƙa masa wayar, na sa ya karanta layin farko, inda sunan yayansa yake, da ƙarfi. Ya karanta. Hassana na jin sunan ta saki abin wasanta, ta juya tana kallon ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.
'Yarki, Mansura