Ratar Da Auta Ya Bari

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raba ki da ciwon ƙafar nan. Mu nan kalau muke. Baba yana samun sauƙi, sai dai hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe zarto. Saboda haka tun bara yake cewa zai miƙa makullin shago ga ɗayanmu, ni ko Auta. Wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami, duk da an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kin san shekara ashirin ina gaban bencin Baba, tun Auta yana yawo ba wando. Kwanakin baya aka ba mu aikin rufe bangon wani zauren taro da manyan falankai. Baba ya raba mana, ni bangon gabas, Auta na yamma. Na zage na haɗa nawa ƙam, falanki ya rungumi falanki, ko allura ba ta shiga. Da na leƙa na Auta, sai na ga tsakanin kowane biyu ya bar rata mai kaurin ƙusa. Ya shafe bakin katakon da fenti, ya cusa siririyar igiyar soso a ratar, sannan ya bi da gam mai taushi, irin wanda ke miƙewa kamar roba. Har dariya na yi, na ce masa bangonsa wushirya gare shi, ko neman aure za shi? Ya ce katako ko an sare shi bai daina motsi ba, in ya sha danshi sai ya nemi wurin miƙe ƙafa. Na ce, wai yaro ne zai koya mini halin katako?

To, damina ta zo ta raba gardama. Sati uku da fara ruwa, bangona ya kumbura, falankan suka ture juna, suka yi ciki, ƙusoshi suka fiffito da kai, fenti ya tsage daga sama har ƙasa. Na Auta kuwa yana nan sumul, ratar ta ɗan tsuke, gam ɗin ya bi ta. Aka kai Baba ya gani. Ya shafa nawa ya wuce. Ya je na Auta ya sa yatsa a layin, ya tambaye shi me ya sa soson. Auta ya ce don gam ya kama gefe biyu kawai, in ya manne har da bangon da ke baya zai yage. Yaya, da kin ga murmushin Baba! Ni dai ban taɓa samun irinsa ba, ko ranar da na yi masa gado.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake ji, har abinci ya daina yi mini daɗi. Na tambayi Baba don me bai taɓa koya mini wannan ba. Ya ce ya faɗa mana tare, ni na ce rata aikin rago ce, Auta kuwa ya riƙe. Abin haushin ma, da Auta ya yi mini gori da na sami abin faɗa. Ina! Washegari ya zo da zartonsa ya taya ni yanke bakin falankaina ɗaya bayan ɗaya, yana ta ce mini Yaya riƙe nan, Yaya matsa can. Ladabin nan ya fi mari zafi.

Ranar Litinin Baba ya ba shi makullin. Na yi masa addu'a a gaban kowa, bakina ne dai ya yi ta. Abin da nake roƙonki shi ne, in za ki taya Auta murna, ki rubuta masa tasa wasiƙar daban. Kada ki sa a wasiƙar Baba, don idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa, kuma ban san ko muryata za ta ɗauka ba.

Ki gaishe da maigidan, da takwarar Inna, da 'yan biyu. Gwaggo da matata suna gaishe ki. Auta ma ya ce in gaishe ki, ga shi na isar.

Ni ne ƙanenki,
Babban kafinta, a da.