Soja Ba Ya Komawa Baya

Zuwa ga Oga Sunday, a Inugu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

An sa shagonka na Sabon Gari a kasuwa. Dillali ya shaida mini cewa ɗanka Emeka ya gama ciniki da wani mai sayar da tayoyi, sa hannunka kawai ake jira. Jiya da na shigo daga Samaru na ga an sauke allon gyaran agogo. Bencin da muke buga ces, darar Turawa, a kai yana nan.

A kan bencin nan ka koya mini, da wasannin wani gwani Bature da ya rasu tun ba a haife mu ba. Sai ka jera 'ya'yan, ka tsaya a tsakiyar wasa, ka ce in faɗi abin da ya yi. Ni kullum hari nake hange, shi kuwa sau da yawa dokinsa yake janyewa ya gyara masa wuri. Mai tafiya a karkace kana kiransa Fada, ni ina ce masa Liman. Har ka tafi ba mu daidaita ba.

Abin da ka fi nanatawa shi ne soja. Doki yana komawa, Fada yana komawa, sarki ma haka, amma soja in ya taka gaba shi ke nan. Shi ya sa gwanin yakan daɗe kafin ya taɓa shi. Ranar da na tura sojan gaban sarkina don in kori dokinka, cewa ka yi, “Malam ɗan jarida, ka cire ƙyauren gidanka don ka jefi akuya.”

A ganina, tafiyarka bayan rasuwar matarka, Madam, tafiyar doki ce. Sayar da shagon kuwa tura soja ne. A nan aka haife ka, a nan kabarinta yake, kuma da bakinka ka faɗa mini a waya cewa a can Bahaushe suke kiranka. In shagon ya tafi, ban ga gurbin da za ka dawo ba.

Ban ce kada ka sayar ba. Emeka yana da hujja, jinya ba ta jira. Na dai ce ka daɗe, Baba, yadda gwaninka yake daɗewa.

Allah ya ba ka lafiya, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Ɗalibinka,
Haruna, Samaru.

Ƙarin bayani: dillalin ya ce takardun sun bi motar Inugu da safiyar yau. Ba a tabbatar ko sun iso hannunka ba.