Sunan Mahaifina Ba Zai Sauka Daga Takardar Wuta Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan sashen kula da masu katin bashi mazauna ƙetare, a bankin da na daɗe ina hulɗa da shi a ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da ma'aikatanku, har da na'urar nan mai muryar mace da take amsa mini waya ta sa mini kiɗa. Yaya sanyi, ya fara shigowa? Mu nan Paraku ruwa ya ɗauke, doya ta yi araha, sai godiyar Allah.

Sunana Hajiya Salamatu, 'yar marigayi Alhaji Isuhu Maigoro. Ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Titiru, ina da shagon kwanuka da robobi a kasuwa. Ban ambaci sunan bankinku ba don ban zo tonon asiri ba, kun dai san kanku. Na rubuta da Hausa ne saboda Faransancina na gaisuwa ne da aiki, da raina ya ɓaci sai ya gudu ya bar ni. 'Yata Nafisa za ta juya muku. Na kuma bar wasiƙar a buɗe kowa ya karanta, domin tsakanin Paraku da Jugu ba ni kaɗai ce mai riƙe da irin katinku ba, kuma na san ba ni kaɗai kuka aiko wa wannan saƙon ba.

Na farko, ku san da wa kuke magana. Na yi shekara goma sha wani abu a ƙasarku ina kula da tsofaffi a gidajensu. Na yi musu wanka, na ba su abinci a baki, wasu a hannuna suka cika. A lokacin ne kuka ba ni katin nan, ku da kanku kuka kira ni kuna lallashina in karɓa. Da na dawo gida ban ɓoye muku ba, na sanar da ku, kuka ce babu komai. Tun daga ranar ban taɓa barin bashinku ya kwana wata ba. Kada ku ce tsoronku nake ji. Malamin da ke karantar da mu a unguwa ne ya ce mini in dai dole sai na riƙe katin, to in riƙa biya kafin kuɗin ruwa ya hau, don kada in ci haram ina gani. Ko sisin ruwa ba ku taɓa samu a kaina ba, kuma wani lokaci nakan ce ko wannan ne laifina a wurinku.

Aikin katin nan guda ɗaya ne mai muhimmanci. Nafisa tana karatun aikin jinya a Liyon, can ƙasarku, kuma gidan ɗaliban da take zaune daga katin yake cire kuɗin ɗakinta duk wata. Mun gwada ba su katin bankinmu na nan, na'urarsu ta tofar da shi. Sun ce duk wanda biyansa ya tsaya za a ba wani ɗakin, layi na nan yana jira. Na san sanyin garin nan, na taɓa jiran bas a cikinsa yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Ba na so yarinyar nan ta shiga shi da akwati a hannu tana neman wurin kwana.

Na biyu, ku san ni ba mai saurin kai ƙara ba ce, na shanye abubuwa da yawa ban ce uffan ba. Lambar sirrin da kuke aikowa in zan biya wani abu, kun ce sai dai ta layin wayata na Faransa. Saboda ku nake kiwon tsohuwar waya guda, ina ba ta caji kamar mai ba akuya dusa, ba ta da wani aiki sai jiran saƙonku. Ranar da na je biki Seru, ƙauye ne kusa da Jugu, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, sai da na hau kan suri da zanen biki ina ɗaga waya sama, matan gari suna tambaya ko iskokai ne suka taɓa baƙuwar. Kafin lambar ta iso lokacinta ya wuce.

Sannan akwai ranar da na sayi maganin gwiwar mahaifiyata a wani babban kantin magani a Jugu, nan take kuka rufe katin. Na kira, na sha kiɗa har kuɗin wayata ya kusa ƙarewa, sannan wani saurayi mai ladabi ya shaida mini wai sun lura wani yana amfani da katina a Afirka. Na ce masa wanin nan ni ce, kuma a Afirkar aka haife ni. Ya ba ni haƙuri, na haƙura. Duk wannan ban rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Na uku, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan ƙaramar Sallah kuka aiko cewa in kawo shaidar inda nake zaune, in ba haka ba ku rufe katin a ƙarshen watan nan da muke ciki. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na je wurin mai unguwarmu, mutumin da ya ci naman sunana, ya rubuta takarda cewa ya san ni ya san gidanmu, na kai meri, wato ofishin magajin gari, aka buga mata hatimi har biyu. Kuka dawo da ita. Kuka ce sai dai takardar kuɗin wuta ko ta ruwa mai ɗauke da sunana, da lambar gida da sunan titi.

Ranku ya daɗe, ruwa dai rijiya gare mu, ba ta aiko da takarda. Lambar gida kuwa, akwai wata da aka taɓa shafa mana a bango da fenti, damina biyu ta wanke ta. Amma ku sauka a tashar Paraku ku tare kowane ɗan zem, wato mai babur ɗin haya, ku ce gidan Maigoro na Titiru, bayan masallaci, mai bishiyar mangwaro a ƙofa. In ya ɓata da ku, ni zan biya kuɗin jirginku.

Saura takardar wuta, wadda muke kira faktir. Muna da ita, muna biya kan kari. Sai dai sunan da ke kanta na mahaifina ne, wanda ya rasu ina can ƙasarku ina yi wa iyayen wasu hidima. Kuka ce ai abu ne mai sauƙi, in je kamfanin wuta a juya ta zuwa sunana. A wurinku aikin rabin yini ne. A wurinmu, gidan da ba a raba gadonsa ba, duk wanda ya je ya sa sunansa a kan mitar wuta, ya yi shelar cewa ya fara cin gida. Balle ni mace, wadda ta dawo daga Turai. Kafin in iso gida daga kamfanin labari ya riga ni, a ce kuɗin Faransa ya zo korar 'yan'uwa. Ina da yayye maza, ina da ƙanne, muna zaman lafiya, kuma ina so mu ci gaba da cin sakwara a akushi ɗaya.

Duk da haka, saboda ɗakin Nafisa, na ce bari in bi ta hanyar da ta dace. Na sayi sukari da ganyen shayi, na shiga taksin Jugu, mu huɗu a baya da buhun gari a kan ƙafata, na je wurin Baffa Garba, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babbanmu yanzu. Tun a hanya nake shirya hujjoji, na ɗauka za a yi dogon zama. Ya saurare ni yana ɓare goro, da na gama ya yi dariya har da tari. Ya ce takarda ba ta cin gida, zuciya ce ke ci, kuma shi da kansa zai kira yayyena ya kashe maganar. Na fara godiya, har na miƙe. Sai ya tambaye ni ko na shawarci Inna, mahaifiyata. Na ce ina ruwan Inna da mitar wuta, ita da ko fitila sai an kunna mata? Ya ce kada in je kamfani tukuna, in bari ranar da ake kawo faktir in ƙi fita kasuwa, in zauna a gida.

Na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe. Ni da sassafe nake fita shago, tun da na dawo ƙasar nan ban taɓa ganin mai kawo faktir ba, sai dai in tarar da ita in biya. Ranar na zauna a tsakar gida ina tsince shinkafa, raina duk yana kasuwa. Da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofa, wani dattijo ya yi sallama, sannan ya ɗaga murya ya kira sunan da ke kan takardar, cikakke, kamar mai shi yana cikin zaure yana shan shayi: “Alhaji Isuhu Maigoro!”

Inna, wadda gwiwa ta sa take sallah a zaune, wadda in na ce ta taso mu ci abinci sai ta ce a kawo mata nan, sai ga ta ta dafa bango ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta taka har bakin zaure, ta ce, “Ya fita. Kawo in ajiye masa.” Dattijon ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce Allah ya kai rahama inda ya tafi, ta ce amin, ya ja babur ɗinsa. Ashe haka suke yi duk wata. Mutumin ya san Alhaji ya rasu, da shi aka kai shi makwancinsa.

Kada ku ce tsufa ne ya taɓa ta. Inna ta fi ni lissafin canji, ta san ranar da mijinta ya rasu da rigar da ke jikinsa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, a wurinmu matar kirki irin ta zamaninsu ba ta kiran sunan mijinta. Inna ta yi zaman aure da mahaifina tun tana yarinya har ya bar duniya, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko mai irin sunan ta gani sai ta sake masa wani. A bakin mutane take jin sa. Da yana raye, daga asuba zuwa isha ana tsaye a ƙofar nan ana kiransa, masu sayen goro da masu neman sulhu da masu neman rance. Da aka yi addu'ar arba'in ƙafa ta ɗauke. Mu 'ya'yansa Baba muke cewa, jama'a kuma marigayi. Da na zauna kusa da ita da yamma, ban tambaye ta komai ba, ita ta ce mini yanzu mutum ɗaya ne ya rage a duniya da yake tsayawa a ƙofar gidan nan ya kira shi, kuma sau ɗaya ne a wata.

Wallahi na yi kuka, ni da nake ganin idona ya bushe tun a Faransa. Takardun da na cike don kai wa kamfanin wuta suna cikin jakata, ban nuna mata ba, ban kuma kai su ba. Na kira Nafisa na gaya mata komai, ina jin kunyarta, don ɗakinta ne ke cikin haɗari. Ta ce in bar wa kakarta abinta, in ta kama za ta raɓa wurin wata ƙawarta ta kwana a kujera. Yarinya ce, ba ta san tsawon sanyin da take magana a kai ba. Ni na sani, shi ya sa nake rubuto muku.

Don haka ga roƙona. Ku karɓi takardar mai unguwa mai hatimin meri, ita ce shaidar zama da hukumar ƙasarmu ta yarda da ita, kuma da ita nake yin komai a nan. In ba ta ishe ku ba, ku haɗa da faktir ɗin mahaifina da takardar haihuwata, za ku ga sunan da ke kan wannan shi ne a kan waccan. In har yanzu da sauran shakka, ku kira ni ta bidiyo in zagaya da ku gidan, ku ga rijiyar, ku ga mangwaron, ku gaisa da Inna. Sannan ku ɗaga wa'adin ƙarshen watan nan har ku gama dubawa, kada gidan ɗalibai ya nemi kuɗinsa ya tarar da ƙofa a rufe. Kuma don Allah ku sa mutum mai jini a jika ya karanta wannan, kada ku ba na'urar nan mai kiɗa.

In kuka ce duk ba ku ji ba, to ba zan zage ku ba. Ina da 'yan awarwaron zinariya da na ajiye don auren Nafisa, zan sayar in nemi wanda zai riƙa biya mata daga can, ko da za a ci rabin kuɗin a hanya. Zai yi mini ciwo, amma zan iya. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a tsakar gida wata mai zuwa, babur ya tsaya a ƙofa, Inna ta dafa bango ta fara miƙewa, sai ta ji an kira Salamatu.

Allah ya ba ku lafiya da zama lafiya, ya ƙara wa bankinku albarka ta hanyar halal, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Allah ya ba ku masu kiran sunanku a ƙofar gida bayan ba ku nan.

Wassalam.

Taku mai riƙe da katinku,
Hajiya Salamatu, gidan Maigoro, Titiru, Paraku.