A Maido Mana da Ɓarawon Inuwa

Zuwa ga Baturen Makaranta mai duba makarantun lardinmu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da tambayar lafiyarka da ta uwargida, da ban gajiyar rangadi. Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne malamin aji uku na elementare a nan Kontagora, wanda ka karɓe wa littafi mai baƙin bango a farkon damina. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun hedimasta ban ji amsa ba, shi ya sa na ba jarida wannan, don an ce ita kam ba ka tsallake ko layi ɗaya a cikinta.

Na ɗaya, bari in tuna maka asalin littafin. Rabin yaran ajina 'ya'yan Kambari ne da Dukawa, ga kuma 'ya'yan Fulani biyu. Hausa ba ita suke yi a gida ba. Littafin karatun da ka aiko mana kuwa ya yi bayani mai kyau a kan haƙa shadda da kashe sauro, Allah ya saka da alheri, sai dai ban taɓa kaiwa shafi na biyu ba tare da wani ya fara gyangyaɗi ba. Da na rasa dabara sai na zauna na rubuta musu labari da hannuna. Labarin wani gari ne da aka wayi gari inuwar mutane tana ɓata ɗaya bayan ɗaya, mutum ya tsaya tsakar rana ƙasa fayau. Wata yarinya Lami, 'yar maƙeri, ta bi sawun ɓarawon har cikin dajin Zugurma, inda ta haɗu da aljani mai dukan ƙarfe da kada mai yi wa kifaye shari'a. Na kafa doka ɗaya: ni ba na karantawa. Duk mai son jin abin da ya faru gaba, ya tashi ya karanta mana shafi da bakinsa. Kafin wata uku yaran da a da ba sa rarrabe harafin "ba" da na "da" suna rububin littafin.

Na biyu, ranar da ka zo. Alhamis ce, ana yayyafi. Ka shigo ka tsaya a bayan aji, babu yaron da ya miƙe ya gaishe ka, kuma ina ba ka haƙuri a madadinsu, ba raini ba ne, ba su gan ka ba. A lokacin Lami ta tarar da wani ƙaton gora a kogon kuka, ta kara kunne ta ji inuwar babanta tana tari a ciki, ta ɗora hannu a kan marfin. Nan ka ɗaga hannu ka ce aljanu ba sa cikin tsarin karatu, za ka tafi da littafin ka duba, ka maido cikin mako biyu, kafin nan kada a ƙara karanta irinsa. Ina shaida maka cewa wata biyar ke nan hannun yarinyar nan yana kan marfin gora.

Na uku, abin da na ji daga baya. Wani bawan Allah da ke aiki a ofishinka ya biyo ta garin nan ya ci tuwo a gidana. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake na san masinja ɗaya gare ka. Ya ce littafin yana nan lafiya a kan teburinka, kullum da la'asar kai da malamin da ke koya maka Hausa kuna bin sa shafi-shafi. Ya ce rannan ka kira shi daga bakin ƙofa da gaggawa, ya zo a guje yana zaton gobara ce, sai ka ce masa, "Kai, gaya mini gaskiya, maƙerin nan ne ɓarawon ko ba shi ba ne?" Ya kuma ce ka ci jarrabawar Hausa da aka yi wa Turawa bana. Ina taya ka murna ƙwarai. Na tabbata littafin shadda ne ya taimake ka.

Na huɗu, halin da ka bar ni ciki. Yara sun kai labarin gidajensu, yanzu garin ya rabu. Mahauta sun ce mai unguwar garin su Lami ne ɓarawon, masu doya sun ce kadan nan ne. Tsohuwar da ke sayar da kunu a bakin makaranta ta daina cika mini ludayi, ta ce sai na faɗa. Uwar 'ya'yana kan ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ni ma sai Bature ya yarda?" Ni kuwa na riga na yi alkawari gaban aji cewa babu mai jin ƙarshen sai daga bakin yaron da zai karanta shi. Na nemi in sake rubuta babin ƙarshe daga kaina, hedimasta ya ce umarninka yana nan, shi ba zai rasa aikinsa a kan gora ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Yaron da na yi wa alkawarin shafin ƙarshe sunansa Bawa, ɗan wani manomi Bakambare daga wajen Mashegu. Sau uku yana gudu gida a shekararsa ta fari, sau uku ana dawo da shi yana kuka. Labarin nan ne ya zaunar da shi. Yaron da in an tambaye shi sunansa sai ya duƙar da kai, shi ne ya koma yana gyara wa 'yan gari karatu. Makon jiya ubansa ya zo ya ce tonon doya ya gabato, yana bukatar hannu. Na ce a tambayi yaron, ina zaton zai ƙi. Bawa ya dube ni ya ce, "Malam, in babu littafin, gara gona." Da ƙyar na roƙi uban ya ƙara mini kasuwa biyu. Na san in yaron nan ya riƙe fartanya bana, ya bar allo ke nan, kuma akwai huɗu da ke jiran su ga ya tafi su bi shi.

Jiya da aka tashi ya miƙo mini wata takardar ƙunshin sukari, ya cika bayanta da rubutu. Ya gaji da jira ne ya rubuta nasa ƙarshen. Wannan ne abu na farko da ya taɓa rubutawa ba tare da an sa shi ba, kuskure uku kawai na samu. A nasa labarin Lami ta buɗe goran, inuwoyi suka watse kowace ta nemi mai ita, aka kama ɓarawon. Dogon mutum ne mai jan kunne da gajeren wando da doguwar safa, wanda ke zuwa gari a mota. Ban san inda yaron ya ga irin wannan mutum ba. Mutanen garin dai sun yafe masa, don ya ce sha'awa ce ta sa shi, ba mugunta ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A maido mana littafin kafin kasuwa biyun nan su cika. A janye hanin, ko da rabin sa'a ne ranar Alhamis. In kuwa rabuwa da shi ta yi maka wuya, na fahimta, ka sa akawunka ya kwafe maka, ko ka yago mana shafi huɗu na ƙarshe ka riƙe sauran. Idan dole ne a saka maganar tsabta, na yarda aljanin ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya kai ka gida hutu lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa Hausarka ta fi haka nuna. Ranar da Bawa zai karanta, za mu ajiye maka kujera a gaba, kuma na yi maka alkawari wannan karon yara za su miƙe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sule na aji uku,
Kontagora.