Gadon Kusurwa

Mosko, 1968

Yaya Larai,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen Kontagora? Ina lafiya, tari ne kawai ya kwantar da ni asibiti.

Wani tsoho maƙwabcin gadona ya koya mini darar Turawa. Sarkinka da wani ɗa da suke kira jirgi za su yi ta tare sarkin abokin wasanka, layi bayan layi, har ya ƙure a bango. Ba a cin sa kamar a dararmu, wurin motsi ake hana shi.

Shekaranjiya aka mayar da tsohon nan zuwa gadon kusurwa. Da safe babu kowa a kai. Yau kuma an matsar da nawa gadon layi ɗaya zuwa kusurwar.

Kada Inna ta ji. Ki yi mini addu'a.

Ƙanenki,
Ɗan'azumi